Wa Ya Isa Ya Yafe Wa Mai Gudu?

A garuruwan fadama na ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, sau da yawa babu wurin da ya kai titi tudu. Masu aikin hanya sun san halin kogin nan, shi ya sa sai da suka yi ciko suka ɗaga ta sama da gonaki kafin su shimfiɗa kwalta. Wannan ya sa titi a wurinmu yake ɗauke da ayyukan da ba domin su aka yi shi ba. A gefensa ake shanya shinkafa da tattasai. Ta kansa makiyayi yake koro shanu idan ruwa ya ci burtali ko an nome shi. Mai amalanke yana kai, 'yan makaranta suna kai, mai tallar ƙwai da mai bandar kifi suna bakinsa suna jiran mota ta tsaya. In kuwa kogi ya tumbatsa ya fasa jinga, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, ƙauyuka suka koma tsibirai, to titin nan shi ne ɗakin kwana: a kafa 'yar bukka da buhuna, a ɗaure awaki, a hura wuta a ɗora tukunya. A kan wannan titin ne kuma ƙaramar mota, cike da fasinja har but, take wucewa da gudun kilomita 120 a sa'a ɗaya.

Doka ta yi magana a kan haka tun tuni. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce a cikin gari kada ƙaramar mota ta wuce kilomita 50 a sa'a, a babbar hanya irin tamu wadda ba tagwaye ba kuma 80. Tanka da tirela an ƙayyade musu 45 a gari, 50 a bayan gari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun 1988 take aiki, kuma tun watan Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Duk wannan yana rubuce. Abin da ya hana rubutun tsayar da mota shi muke son mu duba, kuma a ganinmu amsar tana cikin yadda muke zaune da juna.

Haɗeja babban gari ne a tarihi, masarauta mai ƙananan hukumomi takwas, amma a zumunci ƙarama ce. In ka zauna da mutum minti goma kuna tambayar juna asali, sai kun haɗu a wata kaka ko wani suruki. Jami'in da ke tsaye a hanya, ko daga wata jiha aka turo shi, kafin ya shekara ya yi maƙwabta, ya yi liman, ya yi mai kantin da ke ba shi bashi, ɗansa yana aji ɗaya da ɗan direba. To ga shi ya tare motar da ta keto kasuwa a guje. Kafin ya buɗe littafi, direba ya miƙo masa waya.

"Salamu alaikum, ɗana. Yaron nan da ka riƙe namu ne. A yi haƙuri, ai bai buge kowa ba."

"Ranka ya daɗe, Baba, gudun ne ya yi yawa, ga yara a bakin hanya."

"Na sani, zan ja masa kunne. A yi mini wannan alfarmar."

"To Baba, an gama."

Ko sisin kwabo bai shiga hannun kowa ba. Da cin hanci ne da maganar ta zo da sauƙi, mu ce Allah wadai mu wuce. Nan kuwa kowa gani yake abin kirki ya yi: dattijo ya rufa wa na ƙasa da shi asiri, jami'i ya girmama furfura, direba ya tafi yana godiya. Kuma ba za mu raina alfarma ba. Ita take sa a karɓi mara lafiya kafin kuɗi su iso, ita take sa a ɗaga wa manomi ƙafa idan ruwa ya cinye shinkafarsa da bashin taki a wuyansa. Mutanen da kogi yake kora daga gidajensu duk bayan 'yan shekaru ba za su rayu ba in babu "a yi haƙuri" da "ai namu ne". Garin da aka cire wa wannan ya koma bariki.

Sai dai alfarma kyauta ce, kyauta kuwa da abinka kake yin ta. In kana bin mutum bashi ka yafe, ka yi girma. In maraya ne yake binsa, kai riƙo kawai aka ba ka, ka yafe a madadinsa don a ce kana da kirki, sunan abin da ka yi daban ne. Tambayar da ba a yi ba a wayar nan ita ce: abin da aka yafe na waye? Gudun da direba ya yi bai rage wa dattijon komai ba, bai taɓa jami'in ba. Waɗanda aka yi caca da rayuwarsu su ne yaron da ke bakin titi, da tsohuwar da za ta tsallaka gobe a daidai wurin, da fasinjan da aka cusa a but. Babu ɗaya daga cikinsu da aka kira a waya. Yawancinsu ma ba a san ko su waye ba tukuna, sai ranar da abin ya faru za a ji sunansu. Kunya tsakanin ido da ido take aiki. Direba yana tsaye a gabanka, ka san mahaifinsa, ka ci tuwon sunansa. Wanda za a buge bai iso ba, saboda haka babu mai jin kunyarsa.

Hujjar dattijon dai tana nan: bai buge kowa ba. A ɗauki direbobi biyu da suka bar tashar Haɗeja rana ɗaya, mota iri ɗaya, gudu ɗaya, suka ratsa ƙauye ɗaya da tazarar minti biyar. Na farko ya wuce lafiya, ya isa Kano ya ci abinci. Na biyu yana isowa akuya ta tsinke, yaro ya biyo ta a guje. Na farko sunansa gwani, fasinjoji har neman motarsa suke. Na biyu an ce ya yi kisa. Me na biyun ya aikata wanda na farko bai aikata ba? Yadda wannan ya danne totur haka wancan ya danne. Bambancin akuya ce, akuyar kuwa ba a hannun ɗayansu take ba. Masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, sun yi muhawara a 1976 a kan yadda sa'a take shiga cikin yabo da zargi, kuma dukansu da direba suka buga misali. Mu ba sai mun je can ba. Wanda ya rufe ido ya wurga dutse tsakiyar kasuwar Gujungu, dutsen ya faɗa tsakanin rumfuna bai fasa kan kowa ba, babu dattijon da zai ce a ƙyale shi tunda ba a ga jini ba. Laifinsa ya cika tun lokacin da dutsen ya bar hannunsa.

Abin da ya sa ba a kallon gudu kamar dutsen nan shi ne jiki ba ya jin lissafinsa. Motar da ke 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai 100 kuma kusan 28. Tsakanin ido ya ga yaro da ƙafa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye, wato mai gudun 100 ya share kusan tsawon fuloti bai ma fara tsayawa ba. Bayan an taka birkin, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya sau huɗu yake ninkawa. Ga taya ta gwanjo, ga lodi, ga yashin da iska ta kwaso ta zuba a kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. Ƙarin 15 kacal, wanda direba ba zai ma ji a jikinsa ba. Ita dai hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanyoyin duniya duk shekara, kuma babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ribar fa? A tafiyar kilomita 20, mai gudun 80 zai yi minti 15, mai 120 zai yi 10. Minti biyar ke nan, waɗanda za su ƙare a gaisuwar bakin tasha.

Akwai kuma yadda mutuwar hanya take ɓoye yawanta. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar da muke bi zuwa Kano. Mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 180 suka rasu. Ƙasa ta girgiza, manya suka zo jaje, aka kafa kwamiti, kuma haka ya kamata. Amma galibi ba haka take zuwa ba. Ɗaya-ɗaya take ɗauka, yau mai keke a kwana, jibi yarinya a ƙofar makaranta, a yi jana'iza kafin la'asar, ko rediyo ba ta ji ba. Da za a tara na shekara guda a jera su rana ɗaya a fili ɗaya, da wuya a sami mai ƙarfin halin ɗaga waya.

Alfarma kafin hatsari take aiki. Bayan hatsari wata kalma ce take karɓa, wato ƙaddara. Kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A wurin ta'aziyya babu maganar da ta kai wannan sanyaya zuciya, kuma uwar da ta rasa ɗa tana da haƙƙin ta jingina da ita. Amma kalmar tana sauya ma'ana gwargwadon bakin da ta fito. A bakin wanda aka yi wa rashi haƙuri ce. A bakin wanda ya danne totur, ko mai motar da ya ƙi sayen taya, ƙofar zamewa ce. Malaman fiƙihu, waɗanda babu mai koya musu imani da ƙaddara, ba su bar ta ta rufe maganar alhaki ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan Haɗeja kamar sauran ƙasar Hausa, an ɗora biyan abin da dabba ta tattake a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. Hukuncin jaki da doki da raƙumi ke nan, wanda aka rubuta a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka wuce. Kisan kuskure kuwa shari'a ta sa masa diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba. Wanda bai yi niyya ba ma ba a sallame shi da "Allah ya kawo" kawai ba.

A cikin hukuncin diyyar akwai abin da ya shafi wayar dattijon nan kai tsaye. Diyyar kisan kuskure a kan dangin mai laifin na wajen uba take, waɗanda ake kira aƙila. Sauƙi ne ga wanda ya yi kuskuren, kuma a fahimtarmu jan kunne ne ga dangi. In kun san ku za ku tara kuɗin, ba za ku zuba ido ɗanku yana wasa da babur ranar kai amarya kuna tafi ba. A wannan tsarin "namu ne" kalma ce mai nauyi, ma'anarta in ya yi ɓarna mu za mu biya. Yau an riƙe rabin maganar an yar da rabi. Namu ne idan za a karɓo shi daga hannun hukuma. Idan kuwa an yi gawa, sai a haɗa tawagar dattawa a tafi neman yafiya.

Yafiyar ma tana son a dube ta. Magada suna da ikon yafe diyya, kuma yafewa alheri ne. Amma wa ake tambaya? Galibi wan mamacin ko baffansa ne yake amsa wa tawaga a zaure, a bainar jama'a, inda cewa "a biya" zai sa a ce ya sayar da jinin ɗan'uwansa. Matar tana ciki tana takaba, 'ya'yan ƙanana ne. Diyya kuwa gado ce, a cikinta akwai rabon marayun nan da za su ci abinci su yi makaranta shekara goma sha biyar masu zuwa. Nan ma an sake yin kyauta da kayan wanda ba ya wurin.

Kada a ɗauka duk nauyin a kan direba yake. Direban haya ba don nishaɗi yake gudu ba, galibi. Motar ta wani ce, akwai balas ɗin da zai kai wa mai ita, an samu ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsanani, sawu ɗaya ba ya fitar da shi, so yake ya ƙara ya dawo kafin duhu. In tumatir ko ɗanyen kifi ya ɗauko, rana tana cin kuɗin mai kaya duk sa'a. Ga kuma fasinja. Direban da ya tsaya a 80 zai sha baƙar magana daga kujerar baya: "Malam, amalanke muka hau ne?" Fasinjan da ya ce a rage kuwa sai a yi masa dariya a ce tsoron mutuwa yake, kamar dai tsoron mutuwa abin kunya ne. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma su suka sa wa'azi shi kaɗai ba zai yi ba. Direba ɗaya ba zai iya rage gudu shi kaɗai ba, don na bayansa zai wuce shi ya riga shi shiga layi a tasha. Sai doka ta hau kan kowa sannan mai hankali zai iya yin hankalinsa ba tare da iyalinsa sun kwana da yunwa ba. Duk lokacin da aka saki mai gudu, wanda ya bi a hankali ne aka ci tara.

Wani abin lura, ba a ƙin doka gaba ɗaya a wurinmu. Ana sonta a kan baƙo. Haɗeja gari ne mai baƙi: fataken da ke zuwa daga kudu sayen bandar kifi, manyan motocin shinkafa da riɗi, tankokin da ke wucewa gabas, masu zuwa kallon hawan salla, da 'yan tsirarun da ke zuwa Baturiya da hunturu don ganin tsuntsayen da suke ƙetaro hamada daga Turai. In motar baƙo ta buge akuya gari zai taru, a nemi hukuma, wani lokaci ma ba a jiran hukumar. In ɗan gari ne ya buge mutum, a sasanta. Alhali baƙo sau ɗaya yake ratsa unguwa, ɗan acaɓan da ya san kowane lungu kuwa yana ratsa ta sau talatin a yini, kuma sabon da ya yi da hanyar ne yake sa shi sakin jiki. Baƙon ma da ido yake koyo. In ya ga 'yan gari suna keta kasuwa a guje, ya gane allon da aka rubuta 50 ado ne.

Akwai ƙananan wurare a duniya masu yawan baƙi da suka yanke wa kansu saurin da za su rayu da shi. Tsibirin Bamuda da ke tekun Atlantika, wanda masu yawon buɗe ido suke cika, iyakar gudu a cikinsa kilomita 35 ne, kuma gida ɗaya mota ɗaya aka yarje wa. A tsohon garin Lamu da ke wani tsibiri a gaɓar Kenya, garin Musulmi mai matsattsun lunguna irin na cikin ganuwa, jaki ne abin hawa shekaru aru-aru, da babura suka shigo kuma aka yi ta taƙaddama a kan inda za su bi. Can ma akwai masu karya doka. Amma sun ɗauki gudu a matsayin abin da gari yake da ta cewa a kansa, kamar yadda yake da ta cewa a kan inda za a yi mahauta ko maƙabarta. Mu ma ba baƙin wannan tunanin ba ne. Mutanen Haɗeja mahaya ne, ranar hawan salla sukuwa ake jira. Sai dai sukuwa tana da fili da lokaci, dogarai suna share hanya, kowa ya san inda zai tsaya. Wanda ya saki doki a guje cikin kasuwa ranar da ba ta hawa ba, ko ɗan sarki ne, ba jarumi za a kira shi ba.

Talaka yana da ƙorafin da ya fi na dattijon ƙarfi. Zai ce dokar da kuke cewa a tsananta a kaina za ta ƙare. Ya saba ganin shinge a inda ake samun na goro, kwanar da ake mutuwa kuwa babu kowa. Takarda ake tambayarsa, ba a auna gudunsa. Yana tsaye ana duba babur ɗinsa ayarin mai mulki zai wuce da jiniya, da gudun da ya ninka nasa, masu kaki su ƙame su sara. Wanda ya ga haka sau goma, in an ce masa doka, haraji yake ji. Ga tarar kanta. Shekaru da dama naira 3,000 ce a takardar laifukan hanya ga wanda ya wuce ƙa'idar gudu. Ga ɗan acaɓa babban yanki ne na cinikin yini, ga mai jif kuɗin tsire ne. A ƙasar Finlan gwargwadon samun mutum ake yanka tara, har aka taɓa yanka wa wani babban jami'in kamfanin Nokia Yuro 116,000 saboda ya yi gudun 75 a inda aka ce 50.

Ƙorafin gaskiya ne. Amma in aka bi shi har ƙarshensa, inda yake kai mu shi ne a tare mai jiniya shi ma. Kuma ita alfarmar ba talaka take yi wa aiki ba. Wanda yake da lambar da zai kira shi yake samunta. Ɗan ƙauyen da ba shi da kowa a birni shi ake karɓe wa makulli, kuma 'ya'yansa ne suke tafiya makaranta a ƙasa a gefen kwalta.

Ƙauyuka da yawa sun gaji da jira sun yanke nasu hukuncin. Bayan an buge yaro, washegari matasa su fito da cebur da siminti, ko ƙasa da kututture, su ja kunya a tsakiyar titi irin ta gona. Direbobi suna tsine mata, kuma suna da tasu gaskiyar: babu fenti, babu allo, da dare ita kanta tana kayar da mai babur, mai naƙudar da ake gaggawar kaiwa asibiti ma sai ta sha wuya a kanta. Amma a duba abin da ya sa take aiki. Ba ta san ɗan kowa ba, ba a kiranta a waya, ba ta gane lambar gwamnati. Mai jiniya ma sai ya taka birki. Abin a zauna a yi tunani ne a ce a ƙasar da ake alfahari da kunya, ta siminti ce take iya tsayar da mota. Kuma galibi sai an yi rashi ake gina ta.

Duk da haka ba ma jin siminti ne iyakar abin da ƙaramin gari zai iya. Sanayyar da take kwance doka ita ce kuma abin da babban birni ya rasa. A birni sai an kafa kyamara kafin a san wanda ya yi gudu. A Haɗeja kowane ɗan kamasho ya san direbobin da suke tashi sama, da sunansu da laƙabinsu, fasinjoji sun san su, mai shayin tasha ma ya san su. Ƙungiyar direbobi tana da hukuncin da ya fi tarar gwamnati ciwo, wato hana lodi. Ana dakatar da direban da ya yi satar layi ko ya yi dambe a tasha, kuma ba a cika jin dattijo ya sa baki ba, domin kowa ya yarda wannan haƙƙin sauran direbobi ne. Abin da ya rage a yarda mai tafiya a ƙasa ma yana da haƙƙi irin wannan. Nisan Haɗeja zuwa Kano sananne ne, lokacin da tafiyar take ci a gudun ƙa'ida ana iya lissafa shi sau ɗaya a manna a bangon ofishin tasha. A rubuta lokacin tashi a takardar fasinja, a duba a tashar sauka. Motar da ta iso kafin lokacinta ta faɗi laifinta da kanta, direbanta ya huta kwana uku. Dattijon da ya kira a kan wannan, sai a tambaye shi cikin ladabi ko zai sa hannu cewa in yaron ya yi ɓarna nan gaba shi da danginsa za su ɗauka, kamar yadda aƙila take yi. Wasu za su sa. Wasu kuma za su ce a dakata tukuna, bari su sake magana da yaron.